Ashe su ma a tsorace suke

Tun da na haifi ɗiyata nake tafasa komai don tsoron ƙwayoyin cuta. Kullum tana goye, ban yarda ta taɓa ƙasa ba.

Ran nan ƙanwar mijina mai karatun jami'a ta iske ni gaban tukunya.

"Matar yaya, ƙwayoyin cutar nan ma fa akwai ƙananan da ke cinye su. In ƙwayoyin sun taru sai su saki wani sinadari, 'yan'uwa su ji, su rufe ƙofa."

"Mi? Tsegumi suke, kamar matan Tudun Wada?"

"Masu cin nasu ma suna laɓe suna saurare!"

Na yi dariya har da hawaye. Da la'asar na kwance goyon, ta rarrafa tsakar gida, ina bin ta ina ƙyalƙyatawa.