Ranar Da Dropati Ta Farke Wandunan Mijinta

A garin Seaqaqa, in ka ga mutum ya shiga gonar rake da sabon wando, to ko dai baƙo ne ko kuwa ba shi da mai faɗa masa. Ganyen rake yanka yake yi kamar reza, baƙin tokar gona kuma in ya kama yadi babu sabulun da zai fitar da shi. Dropati ta san haka tun tana gidan ubanta, ta ƙara sani da ta auri Shiu Lochan, wanda tun tasowarsa yankan rake ne sana'arsa.

Ita ba tela ba ce, ba ta taɓa kafa shago ba. Keken ɗinki ne dai na ƙafa da ta gada wajen uwar mijinta, yana nan a baranda kusa da buhun shinkafa. Amma a gidanta wando ba ya mutuwa da wuri. In gwiwa ta ci, sai ta yanko ƙyalle daga wanda ya riga shi lalacewa ta yi faci ciki da waje. In gindi ya fashe, ta ninka masa buhun fulawa. Abokan aikin Lochan har tsokanarsa suke yi, wai ba a san asalin launin wandonsa ba. Shi kuwa sai ya ce, "Ku yi ta dariya. Da facin nan 'yata ta gama makaranta." Gaskiya ya faɗa. Abin da ba su kai kanti ba, shi ya riƙe Anjila har ta zama malama a birnin Suva.

A kakar da Lochan ya haura sittin ne hankalin Dropati ya fara tashi. Yanka bai yi nisa ba ya miƙo mata wando, ya ce yana zame masa, ta rage ƙugu. Ta rage. Ba a jima ba ya sake kawowa. Ta riƙe wandon a hannu tana kallon ɗinkin da ta yi kwanan nan, ga shi za ta yi wani a gefensa.

"Baban Anjila, ramewa fa kake yi."

"Aikin rake ne. Wa kika taɓa gani ya yi ƙiba da adda a hannu?"

Ta ƙara masa gurasar roti a cikin ƙunshin rana, ta ƙara miyar wake. Yana cinyewa tas, ya sha ruwa kamar ba zai bari ba, amma ƙugun sai ƙara zurmawa yake. Tana kan keke sai ta tsinci kanta ta daina taka shi, ta zuba wa hanya ido.

Wata rana tana wanki ta juya ƙafar wandon ta hagu, ta ga ƙasan ya ƙandare. Ba laka ba ce. Ta kai hanci, wari ya buge ta. Da Lochan ya dawo tana laɓe ta ga ya zaga bayan tankin ruwa kafin ya cire takalmin roba, abin da bai saba ba. Ta bi shi. Tsumma ne naɗe a ƙafar, ƙarƙashinsa kuwa gyambo a gindin babban yatsa, gefensa ya yi baƙi.

"Tun yaushe?"

"Kututturen rake na taka. Ko zafi ba ya yi."

"Rami kamar wannan, ka ce ba ya zafi?"

"To ƙarya zan yi miki? Ki bar ni a gama kaka. In na yi fashi Bissun zai sa wani a layina, ga samari nan suna jira. Me za mu ci?"

Bissun shi ne shugaban ƙungiyar masu yanka, kuma abin da Lochan ya faɗa ba ƙarya ba ne.

Dropati ta tsallaka gidan maƙwabciyarta Mereoni, wadda suka daɗe suna musayar rogo da barkono ta kan shinge. Mereoni na kankare kwakwa. Da ta ji labarin, sai ta ajiye.

"Rama, ga ƙishirwa, ga gyambon da ba ya zafi? Yaya, haka wana ya fara. Ciwon suga ne. Shi ma ƙarshen kaka ya tsaya jira."

"Yanzu yana ina?"

"Yana ƙauye. A gwiwa aka yanke masa ƙafa."

Dropati ta dafa ƙofa. Ta dawo gida. Ta roƙi Lochan su je asibiti, ya ƙi. Ta ce za ta kira Anjila a waya, ya ce in ta tayar wa yarinyar da hankali ba shi ba ita. Kwanaki suka yi ta wucewa, kullum da safe tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon yadda yake ɗan ɗingisawa zuwa motar ɗaukar ma'aikata, kullum da yamma tana duba ƙafar wando, tabon na ƙara faɗi.

Wandunan aikinsa biyu ne. Ranar wata Litinin da sassafe, yana bayan gida yana wanka, ta ɗauko su duka ta sa almakashi ta bi ɗinki ta farke, tun daga ƙugu har ƙasa. Ita ta san wahalar da ta sha a kan kowane faci. Ya fito ɗaure da tawul ya tarar da ƙyallaye shimfiɗe a kan tabarma.

"Ke! Kin haukace ne?"

"Gyara zan yi musu. Sun gaji."

"Yau? Yanzu?"

Mota ta tsaya a bakin hanya tana ta ƙaho. Bissun ya leƙo ta taga. "Kawu, rana na yi! Ko amarya ce ta hana ka fitowa?" Samarin da ke baya suka kwashe da dariya.

Dropati ta fita da ƙafar wando guda a hannu ta ɗaga masa. "Ga wandon kawunka. In da tawul ake yankan rake, to ga shi nan zuwa."

Bissun ya dube ta, ya ga ba wasa a idonta. Ya rage murya. "Lafiya dai, Inna?"

"Ba lafiya ba. Asibitin Labasa za mu."

Wando ɗaya ya rage a gidan, baƙin da ya sa ranar bikin Anjila, kuma ko kashe shi za a yi ba zai kai shi gona ba. Shi ya saka, ya ɗaure da igiya don ya yi masa yawa. Suka hau bas zuwa Labasa, ya kau da fuskarsa wajen taga. Ita kuma tana ta tunanin in aka ce ba komai ba ne, ta jawo musu asarar aiki a banza, da wane ido za ta kalle shi.

Ma'aikaciyar jinya ta kwance tsumman, ta dubi Lochan, ta tashi ta kira likita. A ranar aka ba shi gado. Ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa. Babban yatsan da na kusa da shi ba su tsira ba, amma ƙafar ta tsira.

Layinsa kuwa wani saurayi aka bai wa, kamar yadda ya faɗa. Bissun ya zo gaisuwa, da zai tafi ya sauke wani buhu a baranda, cike da yagaggun wandunan 'yan ƙungiya. "Inna, matan yanzu ba sa faci. Ki duba mana, za mu biya."

Da wannan suke ci yanzu, da ɗan abin da Anjila ke aikowa. Ba ya isa sosai. Lochan na zama a gefenta, ƙafa a kan kujera, yana zura mata zare a allura don idonta ya fara rauni, yana mitar shayin da babu suga. In motar ma'aikata ta wuce sai ya bi ta da ido har ƙararta ta ɓace. Likita ya ce a riƙa lura da ɗaya ƙafar, don haka kowace safiya kafin ta ɗora tukunya sai ta durƙusa ta duba tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana cewa ta yi sauri, hannunta da sanyi.