Rijiyar Mahaifin Gradimir

A ofishin kwastan na garinmu, can bakin kogin Danube, ba a neman Gradimir a kan ƙaramin abu. Sai kaya sun rikita kowa, an rasa ko wannan sutura ce ko abin wasan yara, sannan za ka ji an ce, "Ku kai wa Kawu Grada." Aikinsa ke nan tun yana da gashi a ka: ya juya kaya, ya shinshina, ya faɗi ajin da suke a kundin haraji, don ajin ne ke yanke abin da ɗan kasuwa zai biya. Ya yi imani babu abin da Allah ya halitta da ba shi da aji, kuma wannan imanin ba ya barin sa a ofis. Ranar auren 'yarsa ma sai da ya tsare surukinsa da gardamar ko kek ɗin bikin burodi ne ko alewa, har amarya ta yi kuka.

Ba ya karɓar na goro. Wani ya taɓa kawo masa gasasshen rago har gida, ya koma da abinsa, bayan Gradimir ya yi masa bayanin ajin da rago ke shiga idan an gasa shi. Kuma bai taɓa janye hukuncin da ya yanke ba. Mutane suna girmama shi, amma idan suka hango shi a kasuwa sai su sauya hanya.

Abu ɗaya ne a duniya ya fi ƙarfin kundinsa, shi ne ruwan rijiyar mahaifinsa. Tsohon ya daɗe da rasuwa, gidan ƙauyen ya zama kango, amma kowace Asabar Gradimir yana kora tsohuwar motarsa zuwa can, ya cika jarkoki, ya dawo ya jere su a ƙofar kicin. Daga nan aikin matarsa Dobrila ne. Mutumin da ya gama buɗe kwantenonin rabin duniya bai san abin da ke cikin ɗakin ajiyar gidansa ba, don a ganinsa namiji ba ya leƙa can. Duk baƙon da ya zo, Dobrila za ta kawo masa cokali guda na zaƙin 'ya'yan itace da kofin ruwa kamar kowane gida, sai dai a nan Gradimir zai zuba maka ido har ka haɗiye, yana jiran yabo. Wanda bai yaba ba, ba a sake gayyatarsa.

Ana saura kaɗan ya yi ritaya, wata 'yar kasuwa mai suna Zagorka ta shigo da kwantena cike da tulunan roba. Kowane tulu yana da mataci a wuyansa, cike da garin gawayi, ka zuba ruwa ta sama ya ɗiga ƙasa. Idan injin tace ruwa ne, harajinsa kaɗan ne. Idan kayan kicin ne na roba, Zagorka za ta ji a jikinta.

Gradimir ya ɗaga ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa gindinsa.

"Hajar nan taki tulu ce, Zagorka. Ga baki, ga hannu, ga murfi. Ina injin?"

"Kawu Grada, ai ga shi nan a wuya. Shi ke tace ruwan."

"Ba waya, ba maɓalli, ko tari ba ya yi. Gawayi ne a cikin roba. Kakata ma tana da gawayi, ba ta taɓa cewa ita injiniya ba ce."

Shugaban ofis, Milutin, wanda ya girmi 'yar Gradimir da kaɗan, ya sa baki a hankali ya ce kundin bai ce sai abu ya yi ƙara ba, aikin da yake yi ake dubawa. Gradimir ya ce to shi ke nan, wane aiki yake yi? Ruwa mai kyau ba ya bukatar wanki, marar kyau kuma ba a sha.

Zagorka, wadda kayanta suka kwana biyu a tashar har ta fara rama, ta ƙule. "Babu ruwan da wannan abin ba zai cire wa datti ba. Har na rijiyar taku da ka ishe mu da ita."

Kowa a ofis ya juyo. Har mai buga hatimi ya tsaya da hannu a sama.

"Zan kawo shi," in ji Gradimir. "Idan robarki ta sami abin cirewa a ruwan mahaifina, da hannuna zan rubuta inji."

Milutin ya san ba haka ake yanke hukunci ba, amma shi ma ɗan Adam ne, yana son kallo.

Ranar Litinin Gradimir ya yi sammako zuwa ƙauye, ya ɗebo ruwan, ya wuce da shi ofis kai tsaye bai bi ta gida ba. Milutin ya shiga bayan ƙofa da jarkar, ya fito da kofi biyu, ɗaya daga bakin jarka, ɗaya ta cikin tulun Zagorka. Har direbobin manyan motoci sun bar layi sun zo leƙe ta taga.

Gradimir ya kurɓi na farko, ya yatsine fuska, ya tofar a kwandon shara.

"Haba Milutin, da furfurata za ka yi mini wasan yara? Wannan ai daga kogi ka ɗebo. Har ƙarni yake."

Ya ɗauki na biyu. Ya kurɓa, ya lumshe ido, kafaɗunsa suka sauka. "Yauwa. Ga shi nan. Ko a kabari aka ɗiga mini wannan zan gane shi. Kin gani, Zagorka? Wannan ba ya bukatar robar kowa."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Milutin ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, na biyun ne ya bi ta tulu."

Gradimir ya miƙe. Ya je ya ɗaga jarkar da kansa, ya tsiyaya a tafin hannu ya sha. Ƙarnin nan dai. Sai a lokacin ya tuna dogayen rumfunan kaji da aka gina a kan tudun da ke saman ƙauyen shekarun baya, waɗanda yake wucewa kowace Asabar yana ɗaga wa mai gadinsu hannu. Ashe ƙazantarsu ce ke gangarowa cikin rijiyar. Ya ɗauki hularsa ya nufi gida, abin da bai taɓa yi ba kafin lokacin tashi.

Dobrila tana yankan albasa ta ga mijinta ya ratsa kicin ya tura ƙofar ɗakin ajiya. Ba ta hana shi ba. Ya yi bincike irin na aikinsa, daga sama zuwa ƙasa, kuma bai daɗe ba. A bayan gangar kabejin tsami ya same shi: tulun roba, ya tsufa, ya dushe, hannunsa ɗaure da waya, ruwa yana ɗiga a cikinsa a hankali.

Ya fito da shi a rungume. "Tun yaushe?"

"Tun shekarar da jikanka ya kwanta da ciwon ciki."

"Wa ya kawo shi?"

"'Yarka. Duk zuwan da za ta yi daga ƙasar waje tana kawo mini sabon mataci."

"Ta kan iyakata?"

"A jakar hannunta. Yaranka sun duba, suka ce tulu ne."

Ya zauna a kan kujerar da ake fere dankali, wadda bai taɓa zama a kai ba. Kunya ta kama shi, amma baƙin cikin ya fi kunyar yawa. Shekara da shekaru yana tilasta wa baƙi su yabi mahaifinsa, ashe gawayin matarsa suke yabo.

"Me ya hana ki gaya mini, Dobrila?"

Ta goge hannu a zaninta. "Grada, na taɓa bin ka ƙauyen ai. Na ga yadda kake zama a bakin rijiyar kana ba tsohon labarin ofis. Gidan ya rushe, gonar an sayar. In na ƙwace maka rijiyar, wurin wa za ka je ran Asabar?"

Washegari ya isa ofis kafin kowa. Ya rubuta hukuncinsa da kyakkyawan rubutun nan nasa: injin tace ruwa na amfanin gida. Shi ne karo na farko da ya janye maganarsa, kuma shi ne hukuncinsa na ƙarshe. Zagorka ta kwashe kayanta, yanzu kusan kowane kicin a garinmu akwai tulunta.

Har yau idan Asabar ta yi za ka ga tsohuwar motar ta nufi ƙauye, jarkoki suna karo a baya. Bayan ritayarsa Milutin ya kai masa gaisuwa. Dobrila ta kawo cokalin zaƙi da kofin ruwa, Gradimir ya zuba masa ido har ya haɗiye.

"Ruwan rijiyar mahaifina ne," in ji shi.

"Babu irinsa, Kawu," in ji Milutin. Sai shaiɗan ya ɗan zuga shi, ya ƙara da cewa, "Haka yake zuwa daga jarka?"

"Dobrila tana ɗan juye shi a wani abu, don ya huce."

"Wane abu?"

Gradimir ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi farantin da ke hannunta.

"Tulu," in ji shi. "A gidan nan tulu ne."