Neman Littafi Mai Rubutu a Charing Cross

Haƙƙi ne a kan kowace makaranta, kafin ta yanke hukunci a kan yaro, ta zaunar da shi ta saurare shi. Makarantar da 'yata take zuwa a Thamesmead, unguwarmu a Landan, ba ta sauke wannan haƙƙi ba. Dalilin ke nan da ya sa nake rubuta wa 'yan ƙungiyarmu ta mutanen gida mazauna nan labarin tafiyar da muka yi ni da ita ranar Asabar da ta wuce.

Yarinyar shekarunta bakwai. Bara ta iso daga Katsina tare da mahaifiyarta, ni kuwa gwamnatin jiharmu ce ta turo ni kwas ɗin adana takardu. Ranar da aka ba da hutun hunturu, an raba wa kowane yaro littafin labari ya karanta a gida. Wanda ta kawo hotuna ne zalla, babu harafi sai a bango. A cikinsa an saka wasiƙa cewa malamarsu ba ta taɓa jin ta yi karatu a gaban aji ba, saboda haka idan aka koma za a mayar da ita ajin yara masu jinkirin fahimta. Alhali ita ce mai karanta wa uwarta takardun kansul, wato ƙaramar hukuma, da rubutun kwalin magani. Na tambaye ta dalili, ta sunkuyar da kai. Sai na ƙudura in kai ta inda littattafai suke, ta zaɓa da hannunta, ni kuma in gani da idona.

Mun tashi da asuba, ko da yake a wannan watan har ƙarfe takwas fitilun titi ba su mutu ba. Uwarta ta jibga mata riguna huɗu, har hannuwanta suka ƙi sauka gefenta. Muka bi doguwar barandar siminti, iskar kogi tana yankar kunne, muka hau bas zuwa tashar Abbey Wood. Kuɗin jirgin ƙasa ya sake tashi, kuma mai sayar da tikiti ya faɗa mini haka yana ba ni haƙuri, sai ka ce shi ya ƙara. A cikin jirgi kowa ya buɗe jarida ya ɓoye fuskarsa, ba ka jin komai sai tari. Na lura 'yata tana motsa baki duk tashar da muka tsaya, tana bin sunan da ido, amma da zarar wani ya dube ta sai ta datse leɓɓanta.

Da muka fito a Charing Cross, mutanenmu na fara cin karo da su wajen Northumberland Avenue, kowa na fama da kwalin rediyo ko talabijin, ana ta tsayar da tasi. Kuɗin man fetur na gida ya iso Landan da ƙafarsa. Wani abokin karatuna, wanda yanzu ɗan kwangila ne, ya riƙe ni muka gaisa. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya kwashe da dariya.

Ya ce, "Haba Malam! Tun daga Thamesmead, cikin wannan sanyi, saboda littafi ɗaya? Bari in saya mata keke mana."

Na yi masa godiya, na ce keke ba zai shiga aji ya yi mata bayani ba. Muka wuce. A bakin hanya na saya mata wasu 'ya'yan itace da ake gasawa a garwashi, ɗanɗanonsu tsakanin gyaɗa da dankali. Ba ta ci da yawa ba, ɗumin takardar da aka ƙunshe su a ciki ta fi so.

Kantin farko babba ne, an ƙawata shi saboda Kirsimeti, jama'a maƙil. A nan na yi kuskurena na farko. Na zaɓo littafi mai kauri da bango mai ƙarfi, tarihin sarakunan Ingila, irin wanda a zamaninmu ake ba ɗalibin da ya zo na ɗaya. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na gode, Baba," da muryar wanda aka miƙa wa maganin ɗaci. Na buɗe, na ga rubutun ƙanana kamar tururuwa. Na mayar da shi wurinsa.

Kanti na biyu ƙarami ne, a wani lungu, yana warin kananzir na murhun ɗumama ɗaki. Mai shi wata tsohuwa ce Baturiya, tabarau rataye a wuya. Ba ni ta tambaya ba, yarinyar ta tambaya me take so. Sannan ta ɗauko littattafai uku ta ajiye a kan wata 'yar kujera. Ta bayyana mini cewa yaron da ya fara karatu shi kaɗai yana bukatar rubutu manya, babi gajere, da hoton da zai taimaka masa ba tare da ya tona labarin duka ba. Na duba su ɗaya bayan ɗaya saboda sha'anin addini. Wanda 'yata ta ɗauka labarin wani tsoho ne da tafkinsa ya daskare, ya kwashe agwaginsa ya haura da su bene, ya zuba su a bahon wanka. Hankalina ya kwanta, don agwagi ba su da Kirsimeti, ba su da Salla.

Sai 'yata ta zauna a ƙasa, ta tanƙwashe ƙafa, ta ɗora yatsa a kan layi, ta fara karatu da ƙarfi tana rangaji gaba da baya, da irin sautin da ta koya a makarantar allo. Turanci ne tsaf, amma muryar ta Katsina ce. Mutane biyu suka juyo. Kunya ta kama ni. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka na ce, "Uwata, yi shiru mana, nan ba gida ba ne."

Nan take ta rufe littafin. Ta ce da Turanci, ba ta dube ni ba, "Haka malamarmu ta ce."

Na durƙusa na lallashe ta, sannan ta ba ni labari. A ajinsu lokacin karatu shiru ake yi. Makon farko ta buɗe murya, malama ta hana ta, yara suka yi ta kwaikwayon rangajinta a filin wasa. Ita kuwa ba ta san yadda ake karatu a zuci ba. Tun daga ranar, ko an kira ta gaban aji, littafin kawai take riƙewa.

Tsohuwar ta ce da ni, "Ka ƙyale ta. Ni ina so in ji abin da ya sami agwagin nan." Ta jawo kujera ta zauna.

'Yata ta dube ni. Na ce, "Karanta, Uwata. Ni na yi laifi."

Ta karanta babi biyu. Inda agwagin suka cinye sabulun tsohon ta yi dariya har ta rasa layi. Na fito da littafin aljihuna na rubuta kowace kalma da ta yi tuntuɓe a kanta. Huɗu ne, uku kuma ita ta gyara da kanta. Na roƙi tsohuwar ta sa hannu a matsayin shaida. Ta ce tun da take sayar da littafi ba a taɓa sa ta wannan aiki ba, amma ta sa, har ta ƙara layi ɗaya nata.

Na biya kuɗin littafin, muka ci kifi da soyayyen dankali a tsaye, muka kamo hanya. Ƙarfe huɗu duhu ya rufe. Muna shiga gida, ko rigunan ba ta gama cirewa ba, ta zaunar da uwarta, tana karanta shafi tana juya mata shi da Hausa.

Na koyi cewa littafin hutu ba na uba ba ne, na yaron da zai zauna da shi shi kaɗai ne. Ban ɗauki malamar nan muguwa ba. Yara sun yi mata yawa, kuma abin da ta yi a mako guda ni mahaifi na yi shi cikin minti ɗaya. Amma ni na ji sauran bayanin, ita ba ta nema ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu, cikin girmamawa, su rubuta wa shugabar makarantar a dakatar da wannan sauyin aji, a zaunar da yarinyar ta karanta littafin da ta zaɓa da muryarta, a gabana da gaban wakilinmu. Ina kuma roƙon a bincika ko akwai wasu 'ya'yanmu da suka zo daga gida aka yi musu irin wannan hukunci. Takardar shaidar tana hannuna, kuma saura kwana tara a koma makaranta.