Ambulan na Biyar

Da damina, sauron fadama ba ya barin mutum ya zauna a tsakar gida a Birnin Kebbi sai da hayaƙi. In an gama tuwo, kakata Iya takan jawo sauran garwashin murhu zuwa bakin ɗakinta, ta ɗora ɗanyen ganyen dogonyaro a kai, mu kewaye ta idanu na hawaye, ta ba mu tatsuniya. Mu huɗu ne a gidan a shekarar: Iya, Innata, ni, da ƙanena Sani wanda bai daɗe da yaye ba. Babanmu malamin gona ne na En'e. Shekarar ce ake shirin karɓar mulkin kai, Turawa na haɗa kaya, sai aka tura shi kwas Zariya na wata huɗu. Kafin ya tafi ya je Argungu ya ɗauko mahaifiyarsa, wato Iya, ta zauna da mu.

Ya bar mana fam shida na wata biyu, ya ce sauran zai aiko ta gidan waya. Inna ba ta taɓa riƙe kuɗi haka ba, ta ƙulle su a bakin zane, tana ta shafa ƙullin yini guda. Da yamma Iya ta ce a kawo mata tsofaffin ambulan ɗin da Baba ke dawowa da su daga ofis.

"Kak ki aje su wuri guda, ɗiyata," in ji ta. "In suna wuri guda, kullum gani za ki yi suna da yawa."

Ta raba kuɗin kashi biyar. Ni da nake aji biyu aka sa na rubuta sunayen, har da lasar bakin fensir: hatsi, cefane, itace da kananzir, sai zumunci, wato kuɗin biki da suna da gaisuwar rasuwa. Na biyar ta saka masa takardar fam ɗaya sabuwa fil, ta ce in rubuta "ba a sani ba". Duka aka jera su a ƙasan adakar Inna.

Wata na farko ya wuce lafiya. A na biyu matan unguwa suka fitar da anko na bikin mulkin kai, atamfa kore da fari, kowace ta kai kuɗinta. Wata rana da hantsi, Iya ta tafi gaisuwa, Inna ta kira ni ɗaki ta ce in yago mata falle ɗaya daga littafina. Ina tsaye ta zare fam ɗin nan daga ambulan na biyar, ta ninke takardata ta mayar a madadinsa.

"Aro na yi," ta ce, ba ta dube ni ba. "Da babanku ya aiko zan mayar. Kar ki faɗa wa kowa."

Ban faɗa ba. Amma daga ranar, duk sanda Iya ta nufi adakar nan sai in sulale in bar wurin.

Sai gulbi ya cika ya malala, ya shanye hanya. Motar wasiƙu ta daina zuwa. Wata biyu suka cika, babu saƙon Baba. Kullum bayan makaranta Inna ta aike ni gidan waya, kullum akawun ya girgiza mini kai tun daga nesa. Ana cikin haka Sani ya kwanta da zazzaɓi da tari, numfashinsa na fita kamar ana jan zarto. Maƙwabcinmu Malam Yohanna, mutumin Kagoro da ke aiki a disfensare, ya shigo ya ɗora kunne a ƙirjin yaron. Ya ce allura yake buƙata har ta kwana biyar, tasu ta ƙare saboda yankewar hanya, amma akwai a shagon wani Bayarabe a kasuwa, sule goma sha biyu.

"A saya da safe, Iya, kar a wuce gobe," ya ce. "Ni zan riƙa zuwa ina yi masa."

"In sha Allahu," in ji Iya. "Don irin wagga rana munka aje na biyar."

Na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai tana gyara wa Sani zane da bai kwance ba.

Yammacin nan ban yi zaton za a yi tatsuniya ba. Amma bayan isha'i Iya ta jawo garwashinta kamar kullum, ta ce da Inna ta fito da yaron ya sha iska. Ta ce, "Ga ta nan ta taho, ku tarbe ta." Ni kaɗai na amsa, da ƙyar.

Ta ce an yi wani masunci a bakin gulbi, zai tafi su mai nisa da jirginsa. Ya bar wa matarsa tukwanen shinkafa uku: ta ci, ta baƙo, da ta iri. Ya ce ta ɗiba a duk wadda ta so, sharaɗi ɗaya ne, kafin ta sa hannu ta faɗa da ƙarfi yadda na bayan danga zai ji. Bayan tafiyarsa mai tallan murjani ya zo. Matar ta ga wani ja da ya shiga ranta. Ta ji kunyar maƙwabta su ji ta taɓa iri saboda ado, sai ta lallaɓa ta ɗiba shiru, ta cika gurbin da ƙaiƙayi, ta barbaɗa shinkafa a sama. Da ta ga ba abin da ya faru, ta ƙara. Ta sake ƙarawa. Ruwan farko ya sauka, maigida ya dawo, ya kira gayya, ya ɗauki tukunyar iri a ka har fadama, mutane na biye da makaɗa. Ya juye ta a faifai, iska ta kwashe komai a gaban jama'a. Ya bi gidajen 'yan'uwa neman iri, kowa ya riga ya shuka nasa. Shekarar nan ruwa ya zo ya rufe gonarsa ba ko tsiro ɗaya.

Iya ta ƙara ganye a wuta. "Iyakarta ke nan. To ke, 'yar makaranta, mi ya kashe gonag ga? Murjani?"

Kafin in ce komai na ji muryar Inna.

"Iya, babu komai a na biyar. Na sayi anko da shi."

"Na sani," in ji Iya. "Tun sati ukku na taɓa shi. Takardar kuɗɗi ba ta yin ƙara irin ta littafi. Jira nikai ki hwaɗi da bakinki. Ɗauko su duka."

Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Aka zazzage ambulan huɗun a tabarma. Ta ture na hatsi gefe, ta ce wannan ba mai taɓa shi. Cefane sule biyar suka rage, zumunci shida, kananzir biyu. Ta ce Inna ta ɗiba da hannunta, amma duk wanda za ta taɓa ta faɗi abin da za mu rasa.

"Na ɗauki biyar na cefane," in ji Inna tana hawaye. "Ba nama, ba kifi, ba manja."

"Mun ji."

"Na ɗauki shida na zumunci. Sunan gidan ƙanwar babansu, hannu banza za mu je."

Jikarta ce za a raɗa wa suna, amma Iya ba ta hana ba. "Mun ji," ta ce.

Sule ɗaya ya fito daga kananzir, muka koma kwanciya da wuri. Da safe aka sayo allurar. Kwana biyu Sani bai nuna alamar sauƙi ba, Inna ba ta runtsa ba, ni kuma ina kwance ina ƙirga numfashinsa. A na uku ya nemi kunu. Miyar kuka tsura muka sha har kwana goma sha shida, muka je sunan nan muka sha kallo da 'yan maganganu, kafin saƙon Baba ya iso da wasiƙun da aka tsallako da su a jirgin ruwa. Ranar bikin mulkin kai Inna ta so ta ɓoye atamfar, Iya ta ce sai ta ɗaura, tunda an riga an biya kuɗinta har sau biyu.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce kan almubazzaranci. Sai da na girma, na yi aikin koyarwa, na ga yadda albashi ke makara, na gane ba abin da Iya ke nufi ke nan ba. Ita ba ta taɓa tsammanin kuɗi za su isa ba. Ta san dole wata rana a ɗebi na wannan a toshe wancan. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne mutanen gida su kwana da tunanin akwai, alhali babu.

Shekarar da Inna ta tsufa ta kwanta asibiti, maigidana ya riga ya rasu, kuɗin da ke hannuna na jarrabawar 'yata Hadiza ne kaɗai. Na yi yini biyu ina neman yadda zan ɗauka ba tare da ta sani ba, ina ce wa kaina ai zan mayar kafin lokaci. A ƙarshe na kira ta, na zaunar da ita, na ce, "Zan ɗauki kuɗin jarrabawarki in biya aikin da likita zai yi wa kakarki. Bana ba za ki rubuta ba." Ta yi kuka sosai, ta kwana uku ba ta yi mini magana ba. A rana ta huɗu ta tashi da asuba ta dama kunu, ta zuba a fulas, ta ce in jira ta ta sa hijabi mu tafi asibitin tare.