Kabarin Bara'atu a Bayan Katanga

Shekara da shekaru muna gida ɗaya da Baba Tanimu a Kwamba, cikin Suleja, ɗakinsa jingine da nawa, amma da a lokacin ka tsare ni ka ce in kwatanta maka fuskarsa, sai na yi ta kame-kame. Mutumin da yake fita kafin a kira assalatu, ya dawo bayan an watse daga isha'i, a ina za ka gan shi? Tarinsa na sani, da ƙarar butarsa a bakin rariya. Ni tela ne, Khamis sunana, shagona a ƙofar gidan yake, don haka duk mai shiga da fita da rana sai ya wuce ta gabana. Shi kam ba ya cikinsu.

Mutumin Funtua ne. Ya zo Abuja tun ana sare daji ana kafa gine-gine, ya yi leburanci, ya yi gadi, daga baya ya samu aikin kula da fulawoyi a gidan wani babban ma'aikacin gwamnati a Maitama. Kamar yadda ta yi wa yawancinmu, Abuja ta karɓi ƙarfinsa ta hana shi wurin kwana, sai ya kama ɗaki a Suleja. Kullum yana cikin motar farko da ke tashi, a matse tsakanin masinjoji da masu shara, kowa na gyangyaɗi a kafaɗar ɗan'uwansa.

Matarsa Bara'atu ce unguwa ta sani. Tana soya awara a tsakar gida, tana yi wa masu jego wanka, tana raba faɗan da ba a kira ta ba. Da Mmesoma, matar Emeka mai sayar da kayan babur, suna hira cikin wani yare da su biyu kaɗai suka san kansa, rabi Hausa rabi buroka. Ko mai gidan haya in ya zo, ɗakin Bara'atu yake cewa. Shi kuwa mai ɗakin, in dole ta kama a ambace shi, sai a ce mijin Bara'atu.

Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, bai kuma ja lokaci ba. A shekarar da ta rasu ne maigidansa na Maitama ya yi ritaya ya sayar da gidan, wanda ya saya kuma ya tumɓuke fulawoyin ya malale tsakar gidan da siminti. Haka kawai rana ɗaya muka wayi gari da wani dattijo siriri zaune a bencin shagona da hantsi, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon keke napep suna wucewa. Bai san inda ake niƙa ba, bai san mai kantin da ke kallon gidanmu ba. Wani yaro mai cajin waya har ya taɓa tambayata, “Oga tela, Baban nan baƙonka ne?” Na ce masa kafin a haife shi Baban yake kwana a gidan nan. Baba Tanimu yana jin mu, kuma wallahi tausayinsa ya kama ni.

'Yarsu ɗaya tilo, Tayyiba, tana aure a Gusau. Ta yi kira ta gaji a kan ya koma wurinsu. Amsarsa ba ta canzawa, kuma ina jin ta saboda bangon ɗakunanmu ba ya riƙe sirri: “In na taho, wa zai riƙa leƙa gyatumarki?”

Leƙa ta ɗin shi ne aikin da ya rage masa. Kullum da safe sai ya ɗauki ƙaramar fartanyarsa ya nufi maƙabartar da ke bayan unguwa. Hannun da ya saba da lambu ba ya iya ganin ciyawa ya wuce, don haka ya nome kabarinta, ya nome na maƙwabtanta, ya zauna ya yi addu'a, sannan ya ba ta labarin gida. Sai dai Bara'atu a layin ƙarshe take, daga ita sai kwarin da ruwan unguwa ke bi. Kowace damina kwarin nan sai ya gutsuri ƙasa ya matso. Baba ba ya maganar da kowa, amma duk ranar da hadari ya haɗu, ba ya iya zama a benci.

Ana nan zaɓe ya matso. Wani Injiniya Muhsin, mai neman kujerar majalisar wakilai, ya zo taro a filin makarantar firamare. Ni na ja Baba muka je, ba don komai ba sai don ya ga mutane. Ɗan takara ya hau bayan akori-kura ya fara jero abin da muka saba ji: rijiyar burtsatse, taransifoma, kwalta har ƙofar gida, jari ga mata, babura ga matasa. Ni dai ina ta hamma. Na ji irin wannan jawabin a Kano tun ina koyon sa maɓalli, kalmomin ma ba a canza musu riga ba. Can wajen ƙarshe sai ya sassauta murya ya ce, “Kuma iyayenmu da ke kwance a maƙabartar bayan unguwar nan, ba zan bari ruwa ya ci gaba da wulaƙanta su ba. Zan kewaye ta da katanga, in yi mata magudana.”

Sai na ji an damƙi wuyan hannuna.

“Khamis, ka ji abin da ya ce?”

“Na ji, Baba. Na kuma ji kwalta har ƙofar gida.”

“Bar kwalta. Katanga ya ce.”

Daga ranar mutumin nan ya zama wani daban. Ya samo yadin da ake rabawa mai hoton ɗan takara ya kawo mini, na ɗinka masa riga, fuskar Injiniya ɗaya a ƙirji ɗaya a gadon baya. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya san da shi a ofishin kamfe, amma gida gida yake bi yana sallama. Dattijon da gaisuwa ma sai an ja shi, ga shi yana tsayar da masu napep yana yi musu bayanin magudana. Matasan bakin titi suka laƙaba masa Kodineta, in ya doso su ce, “Kodineta, how far, ya campaign?” shi kuma ya ɗaga musu hannu yana murmushi. A 'yan makonnin nan ya san sunayen mutanen unguwa, su ma suka san nasa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba, kuma duk da tsokanar da nake masa, na ji daɗin ganin hakan.

Ranar zaɓe tun da sassafe ya yi wanka, ya sa farar jamfarsa, ya tafi ya kama layi. Bai daɗe sosai ba sai ga shi ya dawo. Mmesoma, wadda ta je sayar da ruwan leda a wurin, ita ta ba mu labari. Da layi ya zo kansa, 'yar bautar ƙasa ta gwada katinsa a na'ura, ta sake gwadawa, ta juya katin ta duba.

“Baba, this card no be for here o. Katinka na Abuja ne, Maitama.”

“Ai kati kati ne, 'yata. A nan nake kwana.”

“Sorry, Baba. Inda ka yi rajista, can ne za ka yi zaɓe. Kuma can ba wannan ɗan takarar ba ne.”

Ashe shekarun baya matar maigidansa ce ta kwashi ma'aikatan gidan a mota wata ranar aiki, ta kai su aka yi musu rajista a rumfar da ke kusa da gidan. Bai taɓa amfani da katin ba, tunda ranar zaɓe ba mota a hanya. A kansa kuwa Suleja da Abuja abu ɗaya ne, nan ɗakin kwana can wurin aiki, bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai iyaka tsakaninsu ba. Ya zauna a benci yana ta duban babban yatsansa. Na ce masa ƙuri'a ɗaya ba ta kayar da kowa. Ya ce ba wannan ba ne, shi dai ya tara wa mutum jama'a, shi kuma ya kasa.

Injiniya ya ci. Na ce a raina shi ke nan, sai kuma wani zaɓen. Damina ɗaya ta wuce, kwari ya ƙara gutsura, ba labari. Sai bayan ta, da rani, muka ga tifa tana sauke yashi da bulo a bakin maƙabarta. Baba ya zo shagona har yana haki, ya ce, “To, mai baƙin baki, tashi ka gani.” Na tashi na gani, na kuma haɗiye maganata.

Shi ya zama mai ɗebo wa magina ruwa, kyauta. Ya ga an yi gabas, an yi kudu, an yi ƙofa mai ƙarfe. Ranar da aka zo ɓangaren kwari, aka kafa turaku aka ja igiya, sai ya ga igiyar ta bi ta gaban layin ƙarshe, ta bar shi a waje. Ya ɗauka kuskure ne, ya je ya sami Femi, shugaban maginan, mutum mai kirki wanda yake kiransa Baba Ruwa.

“Ɗana, igiyar nan ta karkace. Akwai mutane a bayanta.”

“Na gani, Baba. Amma ƙasar can no fit hold foundation. In mun sa bulo a can, ruwa ɗaya zai kwashe duka.”

“To magudanar fa?”

“Ba ta cikin aikin da aka ba ni. Ka je ofishin Honarabul.”

Ba wanda ya tayar da magana a unguwa, kuma dalilin a fili yake. 'Yan gari iyayensu na can ciki, a tsohon ɓangare. Layin ƙarshe na 'yan haya ne irinmu, waɗanda suka zo neman abinci ajali ya riske su. Iyalansu tuni wasu sun koma gida, wasu sun yi gaba Madalla ko Zuba. A duk layin nan, Bara'atu ce kaɗai take da mai leƙa ta.

Na rufe shago na sa shi a napep muka je ofishin mazaɓa. Muna isa bakin ƙofa ya ja ya tsaya.

“Shiga mana, Baba.”

“Da wane baki, Khamis? Ban dangwala masa ba.”

“Wa ya sani? Kai da ka yi yawo da fuskarsa gaba da baya?”

“Ni na sani. Mutum bai ci ƙuri'ata ba, ya yi katanga, in zo kuma in ce bai iya ba?”

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ko gezau. Na shiga ni kaɗai. Wani matashi mai waya biyu ya saurare ni da kunne ɗaya, ya tambayi rumfar da na yi zaɓe. Na yi tari, don nawa katin ma na Kano ne. Ya ce kada mu damu, magudana na cikin kashi na biyu, da zarar kasafi ya fito. Na fito na faɗa wa Baba haka, kuma da na san yadda zai riƙe maganar, da na ce masa ban sami kowa ba.

Domin bayan 'yan kwanaki limamin unguwa ya same shi har ɗaki. Ya ce tunda lalura ce, shari'a ba ta hana a tono Bara'atu a mayar da ita cikin katanga ba, in ya amince a tara mutane gobe goben nan. Baba ya ce, “Allah ya saka, Malam. Baiwar Allah ta sha wahala a duniya, ba na so a tashe ta. An ce akwai kashi na biyu. Mutumin da ya cika na farko ai ba zai ƙi na biyu ba.” Na yi magana, Emeka ya yi, Tayyiba ta yi kuka a waya. Da Injiniya ƙarya ya yi mana tun farko, da Baba ya yarda an matsar da ita. Katangar da ya gani da idonsa ita ta ɗaure shi.

Sai ya koma yin abin da ya iya. Ya roƙi buhunan siminti da magina suka bari, ya riƙa cika su da ƙasa yana jerawa a bakin kwari. Ya samo ciyawar jema ya dasa a bayansu. Shi kaɗai yake yi, daga safe har rana ta take, don sauran mutane kowa ya tafi neman nasa. Wani lokaci Mmesoma ta ajiye masa abinci a ƙofar ɗaki, ya dawo ya ci rabi. Masu ce masa Kodineta sun daina, zaɓe ya wuce.

Wata ranar Talata cikin Agusta ruwa ya kece tun bayan azahar, bai tsagaita ba sai da aka yi la'asar. Tsakar gidanmu ta zama tafki. Yana ɗaukewa na ga Baba ya fito ya wuce ta gaban shago ba ko takalmi. Na ture keken ɗinki na bi shi.

Katanga na nan tsaye ƙyam, ko tsagewa ba ta yi ba, fenti sai sheƙi yake, ga sunan Honarabul da manyan baƙaƙe. Muka zagaya bayanta muna dafa bango saboda santsi. Ba buhuna, ba jema, ba layin ƙarshe. Daga gindin katanga sai ɗan abin da ƙafa za ta taka, sai kwari, jan ruwa na gudu a ƙasa.

Ya daɗe a tsaye. Bai yi kuka ba, ni ne ma idona ya cika. Ya matsa dama kaɗan, ya dawo hagu, yana duban katangar yana duban ramin, yana neman saitin wurin.

“Khamis,” ya ce a hankali, “yanzu a ina zan tsaya in yi mata sallama?”

Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya juya ya bi gefen kwarin ta inda ruwan ya nufa, yana tafiya sannu sannu yana duba ƙasa. Na bi bayansa.