Kawu Labaran da Injiniya

Duk wanda ya san Kawu Labaran a Dakko ya san bai shan maganin asibiti. Zazzaɓi ne, ciwon haƙori ne, targaɗe ne, maganinsa ɗaya: a dafa sabara da tafarnuwa. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, har yau bakina bai manta ɗacin nan ba.

Kawu ya yi shekaru yana buɗe wa manoman rani ruwa. Wani Bature da suka yi aiki tare, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa wata doguwar dabba mai gajerun ƙafafu da wari. Mutanen gari suka ce bodari ne.

"Ba bodari ba ne," in ji Kawu. "Feret ne. Sunanshi Injiniya."

Dabbar ba ta jure zafi, don haka fanka ɗaya da ke gidan ta bar ɗakin matarsa, Inna Hajara, ta koma gaban kejin Injiniya. Da Inna ta yi magana sai ya ce, "Ke nan aka haife ki. Shi baƙo ne."

Wata damina Injiniya ya fara atishawa, majina na zuba, ya daina cin nama, numfashinsa na fita da ƙyar. Inna ta ce, "Malam, in ɗora sabara?"

Ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Kashe shi kike son yi?"

Mu da muka shekara ashirin muna shan ta muka kalli juna.

Ni na raka shi Talata Mafara wurin likitan dabbobi, kejin a cinyata. Likitan ya leƙa ya ce, "Baba, mi ne ne wanga?" Sai da ya duba littafi kafin ya sa abin sauraro a ƙirjin dabbar. Ya ce ƙwayoyin cuta ne suka sauka huhu. Ya ba da maganin ruwa, safe da yamma, mako biyu, kada a tsallake ko da ya warke. Ana cikin haka tari ya sarƙe Kawu, irin wanda ya yi wata biyu yana yi.

"Baba, kai ma ya kamata a duba ka."

"Ga maras lafiya nan na kawo maka. Ni ɗan rakiya ne."

Kawu bai taɓa tsallake lokacin ba Injiniya magani ba. Har ya tare maƙwabcinmu da ya yar da ƙwayoyin maganinsa bayan kwana uku, ya yi masa faɗa a kan wasa da umarnin likita.

Injiniya ya miƙe, Kawu kuwa yana ta ramewa. Mun roƙa, limamin unguwa ya roƙa, ya ƙi. Rannan Inna na tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Likitan nan ya aiko. Ya ce tarin mutum na kama feret, kuma in ya koma mashi, ba ya tashi."

Kafin azahar Kawu na kan layi a asibiti. Aka ce huhunsa ya kamu, da ya ƙara mako da sai dai wani labarin. Ya shanye maganin tas, kowace ƙwaya da bayani: "Ba don kaina ba."

Inna ta ce mini, "Shekara arba'in ina roƙonshi. Bodari ya yi atishawa sau biyu, ya tafi."

Injiniya ya riga shi mutuwa, da tsufa. Kawu ya ƙara shekaru masu kyau bayan haka. A ciwonsa na ƙarshe ina zaune gefensa, Inna ta fita ɗebo ruwa, sai ya jawo hannuna.

"Likitan nan bai aiko kowa ba," ya ce. "Na sani tun ranar. Ko kai ta kasa ɗagawa daga kan rariya. Kar ki gaya mata."

Ban gaya mata ba sai bayan arba'in. Ta yi dariya, sannan ta rufe fuska da mayafi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Inna haƙurin zama ba shi.