Kujerar da Kawu bai zauna ba

Muna idar da sallar asuba muka fito daga Hayyin Ashir, ni da Kawu, ƙanin mahaifiyata. Neman maganin ido ne ya kawo shi Alƙahira, ya sauka a ɗakina tunda ni ne ɗansa da ke karatu a nan. Likitoci sun duba sun sake dubawa, suka ce hawan jinin ido ne. Ya riga ya cinye na hagu, na daman ma lallaɓa shi kawai za a ci gaba da yi da magani. Tuƙi kuwa suka ce ya haƙura. Mutumin da tun kafin a haife ni yake jan tirela tsakanin Kano da Legas, shi aka faɗa wa wannan magana, kuma da bakina na fassara masa. Washegari jirginsa zai tashi, don haka yinin nan kaɗai ya rage mana.

Na yi masa tayin mu je ya ga dalar Fir'auna, ya ce duwatsu kam ya gaji da ganinsu a kan hanya. Abin da ke ransa wata 'yar motar tsere ce marar rufi da wani saurayi ya nuna masa a waya, ranar da muke zaman jiran likita. Saurayin ya kwatanta mini wani filin tsere can cikin sahara, yamma da gari, inda masu irin motocin suke kawo su da safe a ƙarshen mako. Kawu ya ce, "Ustaz, rayuwata duk kaya nake ja. Ina so in ga motar da ba ta ɗaukar komai, tun idon nan yana gani." Ustaz ɗin tsokana ce, tun da na fara tara gemu ya liƙa mini ita.

Ƙaramar bas muka shiga zuwa babbar tashar Ramsis. Kuɗin mota ya sake tashi, kowa na ƙunƙuni yana miƙa nasa hannu zuwa hannu har ya kai wurin direba. Kawu bai damu da wannan ba, kunnensa na kan inji. Ba mu yi nisa ba ya raɗa mini cewa yaron nan zai kashe kuloci kafin sallah, kuma birkinsa na baya ba ya ci. Na ce ya yi haƙuri kada a sauke mu. A Ramsis muka tsaya wurin mai amalanken ful, muka ci wake da gurasa mai zafi, aka ƙara mana ɗa'amiyya. Kawu ya ɓare ɗaya ya kai ta kusa da idonsa na dama, ya ce ƙosai ne dai, sai dai nasu kore ne a ciki kuma ba yaji. Ya ci nasa ya ci rabin nawa.

Bas ta biyu ta haye da mu Nilu, muka hau doguwar hanyar da ke fita gari. Gidajen jan bulo marasa filasta suka yi ta wucewa, ƙarafa a tsaitsaye a samansu ana jiran kuɗin ƙara bene. Daga nan sai yashi da manyan allunan tallar gidajen da ba irinmu ake yi wa ba. Direba ya ajiye mu a bakin titi ya ce daga nan sai tuktuk. Da Kawu ya ga abin hawan ya yi dariya, ya ce ashe adaidaita ta riga shi zuwa Masar.

Ƙara muka fara ji kafin mu ga filin. Aka bar mu muka shiga wurin 'yan kallo, ba wani shinge tsakaninmu da inda ake jera motoci. Can ƙarshen layi muka same ta, ruwan ɗorawa, ƙasa-ƙasa da ita, da kaɗan ta wuce gwiwata. Ba rufi, ba ƙofa, gilashin gaba ɗan guntu ne. Kujera biyu ce kacal, da wani lanƙwasasshen ƙarfe a bayan kai saboda ko ta kife. Tayoyin a waje suke, sitiyarin bai fi faifai ba. Mai ita wani Bamisire ne mai furfura, yana durƙushe yana gwada iskar taya. Na yi masa sallama na nemi izini, ya ce mu taɓa duk inda muke so.

Kawu bai kalle ta ba, shafa ta ya yi. Ya bi ta da tafin hannu daga hanci har salansa, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya sa yatsa ya ji laushin taya. Mai motar ya sauke birkin hannu ya yi masa alama ya tura. Da hannu ɗaya Kawu ya tura, ta gangara. Ya tsaya baki buɗe, sannan ya fashe da dariyar da rabona da in ji ta tun kafin mu shiga ofishin likita. Ya ce tayar tirelarsa biyu ma sun fi ta ba shi wahala. Mai motar ya tambayi aikinsa, na faɗa masa, na kuma faɗa masa zancen idon. Sai ya ɗauko hular kwano ya nuna kujerar gefe. "Itfaddal ya Hajj," ya ce. Wato Kawu ya shiga ya zagaya fili da shi.

To, duk wanda ya shekara a Masar ya san tayin mutanen nan. Mai tasi zai ce ka bar kuɗin, mai shago zai ce kayan kyauta ne, wanda ke cin abinci a titi zai rantse sai ka zauna. Ladabi ne kawai, kai kuma ladabinka ka dafa ƙirji ka ƙi. Ni kuwa da nake ji da kaina na san gari, sai na fassara na ƙara da nawa. Na ce, "Kawu, wai ka shiga ya zaga da kai. Amma ka san su, tayin baki ne."

Kawu ya ce, "To, ka ce mun gode. Kada mu takura masa."

Na faɗa. Mutumin ya sake miƙo hular, na dafa ƙirji na yi godiya mai kyau da Larabcin makaranta. Da ya yi na uku ko fassarawa ban yi ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce khalas, shi ke nan, yadda kuka ga dama. Sai ya juya wurin 'yan kallo ya tambaya ko akwai mai so. Wani mai tumbi da ke gefe yana ɓantarar 'ya'yan kankana ya kakkaɓe hannu ya zo, aka cusa shi a kujerar, aka ɗaure shi da bel. Mutumin nan bai san mai motar ba ko kaɗan. A nan na gane tayin na gaske ne.

Muka koma bakin wayar da ta kewaye hanyar tseren muna kallo. Saboda ido ɗaya ne, sai Kawu ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya bi ta, in ta yi nisa kuma ta ɓace masa sai dai kunne. Duk da haka yana faɗa mini inda aka sauke giya da inda aka taka totur kafin ni mai ido biyu in lura. Hannunsa na dama yana motsi a iska duk lokacin da ta shiga kwana. Ni kuwa ina tsaye ina ta shawara da zuciyata, in koma in roƙa ko kunya ce bayan na ƙi har sau uku. Wallahi ina jin haushin kaina a kan wannan tsayuwar fiye da ƙin da na yi. Kafin in gama yanke shawara har sun dawo, wasu sun shiga fili. Da na je, ana ɗora motar a kan tirelar ja. Mai ita ya ce ma'alish, mu yi haƙuri, lokacinsa ya ƙare, tayoyin ma sun gama aiki, mu dawo wata mai zuwa zai zaga da Hajj har ya gaji. Ban fassara wa Kawu wannan ba, shi ma bai tambaya ba.

Dawowa ba ta yi daɗi ba. Rana ta take, bas ta cika, cunkoso ya riƙe mu a kan gada. Direban ya yi ta cin zalin giya, Kawu kuwa ya juya fuskarsa wajen taga. Muka yi azahar a wani ɗan masallaci a Wustul Balad, tsakiyar gari, na sayi koshari, haɗinsu na shinkafa da taliya, Kawu ya ɗan taɓa ya ture. La'asar sakaliya muka iso Ashir, ya zauna a bakin katifa yana jera magungunan ɗigawa a jaka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba daɗi gare shi ba. Na zauna a garin mutane na haddace yadda suke tayi, na manta yadda namu suke kara. A gida ko ruwa ka kawo wa babba sai ya ce a bar shi, kai ne za ka matsa har ya karɓa da mutuncinsa. Na san wannan tun ina yaro, amma a ranar da ya kamata in tuna ban tuna ba. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini. Da gaske mutumin yake, ni na ɓata."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba komai, Ustaz, ba rabona. Amma ni jira nake ka ce, haba Kawu, daure ka shiga. Sau ɗaya ma ya isa. Har na cire hulata na sa a aljihu, kai ne ba ka waiwayo ba."